Kada Ka Fara Da Biyan Kuɗi

Ɗana, labarin abin da kake shirin yi ya iso mu nan Gobarau, kuma tun farko ina so ka sani ban ga aibinsa ba. Matashi mai aikin ofis da ya ɗaura niyyar motsa jiki ya fi wanda zai manne wa kujera har teɓa da hawan jini da ciwon suga su cim masa tun bai yi furfura ba. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne maganar da ka faɗa wa mahaifiyarka, wai lalle sai ka biya kuɗin rajistar tseren tirayatulon cikin makon nan, in ba haka ba gurbi ya ƙare. Gaggawar nan ce ba ta kwanta mini ba. Na zaɓi in rubuta a fili ne don na san ba kai kaɗai ba ne. Akwai sa'o'inka a Abuja da Legas da Kaduna, har da masu karatu a waje, waɗanda suka ga hotunan wannan tsere a waya, hankalinsu ya tafi can.

Bari mu auna abin da ma'aunin da muka sani. Tseren da ake kira tirayatulon wasa uku ne a jere, babu hutu a tsakani: ninkaya, sai keke, sai gudu. Dogon cikinsu, wanda kamfanin Ironman ya yi suna da shi, ninkayar kilomita 3.8 ce, sannan keke kilomita 180, sannan gudun kilomita 42.2. Kilomita 180 ya ɗan zarce nisan Katsina zuwa Kano. Ka ɗauka ka fito daga ruwa sharkaf, ka hau keke a Ƙofar Ƙaura, ka wuce Charanchi da Kankiya da Tsanyawa da Bichi, ka shiga Kano, ka jingine keken, sai a ce maka saura gudu, kuma gudun ya yi kusan nisan Katsina zuwa Jibiya. Duk a yini guda. A mafi yawan wurare awa 17 ake bayarwa a gama kome, ninkayar kaɗai kuma awa 2 da minti 20. Wanda bai fito daga ruwa cikin wannan lokaci ba an cire shi ke nan. Bai ma taɓa kekensa ba, kuɗinsa kuma ba za su dawo ba.

Asalin dogon tseren gardama ce tsakanin abokai a tsibirin Oahu na Hawai, kan ko wane ne ya fi juriya tsakanin mai ninkaya da mai keke da mai gudu. Wani hafsan sojan ruwan Amurka, John Collins, da matarsa Judy suka ce a haɗa tseren uku a gani. Ranar 18 ga Fabrairu 1978 mutum 15 suka shiga, 12 suka gama, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Kuɗin da suka biya a ranar bai taka kara ya karya ba. A 1982 wata ɗaliba mai suna Julie Moss tana kan gaba a cikin mata, saura ƙiris ta ƙarasa ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ta yi ta faɗuwa tana tashi har ta ƙarasa da rarrafe, gidan talabijin ya nuna wa Amurka duka. Daga nan mutane suka yi ca a kan tseren. Yau sana'a ce babba. A 2015 kamfanin Wanda na ƙasar Sin ya sayi Ironman a kan dala miliyan 650, a 2020 kuma kamfanin Advance na Amurka ya saye shi a kan dala miliyan 730.

Ban kawo maka waɗannan kuɗaɗe don in kushe su ba. Ciniki halal ne, kuma shirya tsere irin wannan yana cin kuɗi: a rufe hanyoyi, a ɗauko likitoci da masu ceto a ruwa, a tanadi abinci da ruwan sha na dubban mutane. Ina dai so ka san cewa da 'yan kasuwa kake hulɗa, kuma sun san aikinsu. Suna buɗe rajista kusan shekara guda kafin ranar tsere. Farashin hawa-hawa ne: gurabun farko sun fi araha, da sun ƙare sai a koma hawa na gaba mai tsada, a rubuta maka a fuskar waya cewa saura kaɗan. Wasu tseren da gaske suna cika nan take. Na garin Roth a Jamus, wanda wani kamfani dabam mai suna Challenge ke shiryawa a watan Yuli, gurabunsa kan ƙare cikin 'yan mintoci. Amma ba kowane tsere ne Roth ba, kuma ko wanda ya cika bana za a sake buɗe shi baɗi. Kowace shekara ana yin irinsa da yawa a nahiyoyi dabam-dabam. Tsoron kada gurbi ya kuɓuce shi ne ke sa mutum ya danna biya kafin ya karanta sharuɗɗa.

To, ka karanta sharuɗɗan, layi-layi, kamar yadda za ka karanta takardar sayen fili. Za ka tarar wanda ya janye da wuri wani kaso kawai ake mayar masa, wanda ya makara kuma ba ya samun kome. Ɗage gurbi zuwa baɗi ko mayar da shi wani tsere yana da ƙa'idoji da ranar rufewa. Ba ka da ikon ba abokinka lambarka ya shiga a madadinka, don sai an duba katin shaidarka kafin a miƙa maka ita. In ka yi targaɗe saura mako biyu, asarar taka ce.

Yanzu mu zo kan kuɗin da kansu. Rajistar dogon tseren kan kama daga wajen dala 700 zuwa 900, wani wurin fiye da haka, ban da ladan masu karɓar kuɗi ta intanet da ake ɗorawa a kai. Baturen da ke karɓar albashinsa da dala ko yuro shi ma yana kukan tsadar nan, balle kai da ke karɓa da naira. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500. In muka yi lissafi a kan 1,500 ɗin, dala 800 ta zama naira miliyan 1 da dubu 200. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ke nan takardar shiga kaɗai ta cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata 17. Na san Allah ya buɗa maka fiye da haka, ina kuma yi maka addu'ar ƙari. Amma mutumin da ya tashi a unguwa irin tamu ya kamata ya riƙa tuna abin da kuɗi irin waɗannan ke yi a gidan maƙwabcinsa, ko da a ƙarshe zai kashe su a kan abin da ransa ke so.

Akwai wani tarko da Bature ba ya faɗawa cikinsa, mu ne muke faɗawa, wato biza. Ƙasashen Turai na yankin Shengen ba sa karɓar takardar neman biza sai in tafiyar ba ta wuce wata 6 ba. Tseren kuwa an karɓi kuɗinsa tun wata 12 ko 10 kafin nan. Ma'ana za ka biya tun ba ka da ikon ko da miƙa fasfo ɗinka. Kai ma ka san yadda ake hana matasanmu biza, masu aiki da masu iyali ma ba su tsira ba. In amsar ta zo a makare, ta kuma zo da hani, sai ka ga ranar janyewa ta riga ta wuce. Afirka ta Kudu, inda ake babban tseren Ironman na nahiyarmu a Nelson Mandela Bay, ita ma sai ɗan Najeriya ya nemi biza. Don haka tambayar farko kafin ka zaɓi tsere ita ce ko za a bar ka ka shiga ƙasar, ba kyan hotunan wurin ba.

Kuma kuɗin rajista su ne ƙaramin abin da za ka kashe. Mu Katsinawa bai kamata a koya mana wannan ba. Tun da Sarki Muhammadu Dikko ya kawo ƙwallon dawaki garin nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya ɗaga shi har sunan Katsina ya zagaya duniya a kansa, mun san ba a ranar wasa mai doki ke kashe kuɗi ba. Dawa da harawa da kanwa da mai kula da doki na kullum su ne nauyin. Haka wannan tsere yake. Keken da ake hawa kilomita 180 ba irin wanda muka saba ɗaura wa buhu ba ne. Na 'yan gasa yakan kai dubban daloli, ko da yake keken tsere na gwanjo mai lafiya, wanda ya yi daidai da tsawonka, ya isa a gama da shi, kuma shi nake ba ka shawara. Sai hular kwano, sai takalmin keke dabam, na gudu dabam, shi ma na gudun yakan mutu bayan 'yan ɗaruruwan kilomita a sake wani. Sai rigar roba in ruwan wurin mai sanyi ne. Sai taya da kaca da kayan faci waɗanda mai facin bakin kasuwa ba shi da irinsu. Sai tikitin jirgi, da kuɗin ɗaukar akwatin keke, da masaukin kwana huɗu ko biyar a garin da kowane otal ya san mako ne na baƙi, ya ɗaga farashi. Cin abincinka ma zai ƙaru. Ka zauna da biro ka tara su duka, za ka ga rajistar ta koma ɗan kaso a cikin jimlar.

Duk wannan maganar aljihu ce, kuma aljihu in ya rame yana iya murmurewa. Wadda ta fi damuna maganar ruwa ce.

Ɗana, mu ba mutanen ruwa ba ne. Yaran cikin birni abin da suka sani shi ne kududdufi da damina, ana fantsama ana kurme, kuma kusan kowace damina sai an ji gidan da aka yi rashi a irin wannan wuri. Wanda ya iya tsallake kududdufi da kansa a sama yana bugun ruwa bai iya ninkayar da ake nufi a nan ba. Kilomita 3.8 a wurin ninkaya mai tsawon mita 25 zuwa 152 ne daga bango zuwa bango, ba tare da ka dafa ka huta ba. A ranar tseren kuma babu bangon. Teku ne ko tafki, ƙafarka ba ta taɓa ƙasa, ba ka ganin abin da ke ƙarƙashinka, ɗaruruwan mutane suna kewaye da kai, wannan ya haure ka, wancan ya bi ta kanka, ruwan gishiri ya shiga maka hanci. A Nelson Mandela Bay an sha rage tsawon ninkayar saboda igiyar ruwa. A watan Agustan 2023 mutum biyu sun rasu a sashen ninkaya na tseren garin Youghal a ƙasar Ayilan. Yawancin waɗanda ke rasa rai a wannan wasa a cikin ruwa suke rasawa, sau da yawa kuma zuciya ce ke tsayawa, ga sanyi ga firgici ga wahala lokaci guda. Rai na hannun Allah, amma an hore mu da bin sababi. Iya ruwa fid da kai, in ji magabata, kuma a nan maganar a zahirinta take.

Saboda haka kafin kowane kamfani ya ga kwabonka, likita ya fara gani. A auna jininka, a duba zuciyarka da na'ura, ka kuma gaya masa gaskiyar abin da kake shirin yi da tarihin gidanku. Bayan likita sai malamin ninkaya, a wurin ninkaya mai tsabta da mai ceto a tsaye. A Abuja kana da wannan damar fiye da mu. In ka zo gida kada wani ya ruɗe ka da cewa ga dam ɗin Ajiwa ko na Zobe ko na Jibiya. Ruwan da ke kwance irin wannan shi ne gidan tsargiya, ga ciyayi a ƙasa da ragar masunta, kuma babu wanda zai fid da kai in jijiya ta ɗaure maka a tsakiya. Koyon numfashi cikin ruwa ga wanda ya girma bai iya ba yana ɗaukar watanni, kuma ƙarfin ƙirji ba ya gajarta su. Na fi son in ji ka yi shekara guda kana wannan kaɗai.

Keke da gudu sun fi kusa da jininmu. Kakanninmu fatake da ƙafa suka riƙa zuwa Gwanja ɗauko goro, kuma har gobe akwai masu taka keke da kaya daga ƙauye zuwa kasuwar Charanchi su koma a yinin. Juriya ba baƙuwarmu ba ce. Sai dai wanda zai gama keken Ironman cikin lokacin da aka yanka sai ya riƙe gudun da ya haura kilomita 20 a awa har na wajen awa 8, kuma ba a samun wannan sai an yi ta doguwar tafiya ta awa huɗu, awa biyar, kowane mako. A wace hanya? Ba zan yarda ka bi hanyar Jibiya ko Batsari ko Safana kai kaɗai da duku-duku a kan keke mai walƙiya ba, kai ma ka san halin da waɗannan hanyoyi suka shiga. Manyan tituna kuma na tireloli da 'yan kabu-kabu ne, ba su saba raba hanya da mai keke ba. Ka nemi abokan hawa, ku fita a ƙungiya, wani ya bi ku da mota. Akwai kuma ƙarfen da ake ɗora keke a kansa a taka a cikin ɗaki, ya fi aminci ko da yake yana da gundura. Gudu kam in kana gida da sauƙi: bayan sallar Asuba ka tashi daga gindin hasumiyar Gobarau, ka bi ta Ƙofar Soro, ka zaga ka dawo kafin rana ta ɗaga, ko ka tafi filin wasa na Muhammadu Dikko.

Ka kuma ɗora kalandar tseren a kan tamu. Na Afirka ta Kudu galibi a watan Maris ko Afrilu ake yin sa. Ke nan atisaye mafi nauyi zai faɗo a hunturu, lokacin da ƙura ke cika ƙirji, kuma a 'yan shekarun nan azumi ma yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris. Tseren Turai na Yuni da Yuli kuwa shirinsa zai faɗo a bazara, sa'ad da zafin Katsina ke haura digiri 40. Mai azumi ba zai yi keken awa biyar da rana ba. Masu sayar da jadawalin atisaye a intanet ba su san da wannan ba, kai za ka zauna ka lissafa wa kanka. Haka ranar tseren: wanda ya shiga ruwa da hantsi ya gama da dare ya ratsa Azahar da La'asar da Magariba. Ka je wa malaminka tun da wuri ka tambayi yadda matafiyi ke haɗa salla, ka shirya inda za ka tsaya, ka kuma zaɓi kayan da za su suturta ka. Agogon tsere ba ya tsayawa don mai salla, amma minti goma a cikin awa 17 ba za su kayar da wanda ya shirya ba.

Akwai wani kuɗi da ba a rubuta shi a shafin rajista ba, kuma ba kai za ka biya shi ba. Shirin dogon tsere yana cin awa 10 zuwa 15 a mako, na tsawon wata shida ko fiye, ga wanda ma ya riga ya iya wasannin uku. Waɗannan awoyi daga wani wuri za a yanko su. Safiyar Asabar ce da ya kamata ka kai yara gaida kakarsu, ɗaurin auren aboki ne, zaman hira da iyalinka ne da za ka yi barci a tsakiyarsa saboda gajiya. Matarka tana da haƙƙin ka zauna da ita ka faɗa mata adadin kuɗin da adadin lokacin, gaskiyarsu ba rabi ba, kafin ka yanke shawara. In ta amince da zuciya ɗaya ka sami mataimakiya. In ta ji daga baya a bakin wani, ko ta gani a saƙon banki, ka sayo wa gidanka abin da lambar yabo ba za ta gyara ba.

Abin da zan so ka yi shi ne ka hau tsanin daga ƙasa. Wasan nan yana da gajeru. Akwai na ninkayar mita 750 da keke kilomita 20 da gudun kilomita 5. Akwai wanda ake yi a gasar Olamfik tun ta Sidni a 2000: ninkaya kilomita 1.5, keke 40, gudu 10. Zakarun duniya ne ke yin wannan, ba wasan yara ba ne. Irin waɗannan za ka iya gwada kanka da su a cikin ƙasa, kai da abokanka, ba dala ba biza. Ga gudun kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo da ake yi tun 2013, ga gudun fanfalaki na Legas da aka fara a 2016, wanda ake yi a watan Fabrairu, kilomita 42.2. Ka je ka gama shi da ƙafafu masu hutu, ka ji yadda jikinka zai kasance a kilomita na 35, sannan ka tambayi kanka ko za ka iya fara shi bayan ka sauko daga keken Kano. In amsar ta yi daɗi, sai rabin Ironman, wanda suke kira 70.3: ninkaya kilomita 1.9, keke 90, gudu 21.1. An yi irinsa a Maroko da Masar, a 2022 kuma aka fara yin sa a Rubavu ta Ruwanda, a bakin tafkin Kibu. Ruwanda ba ta wahalar da 'yan Afirka a kan biza, kuma akwai jirgi daga Najeriya zuwa Kigali. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shekara biyu ko uku a wannan hawa ba ɓata lokaci ba ne, su ne wasan kansa.

Kuɗin kuma kada su fito daga bashi. Kada ka kusanci manhajojin ba da rance na waya, kada ka taɓa kuɗin makarantar yara ko na hayar gida ko abin da ka saba aiko wa mahaifiyarka. In ba ka sauke farali ba, ka san wace tafiya ce ta riga wata. Ka buɗe asusu dabam, ko ka shiga adashi da abokan hawanka, kana zuba abin da ya saura bayan an sauke haƙƙoƙi. Wannan makon ka bar rajistar ta wuce. Ranar da asusun ya kai jimlar tafiyar duka, da tikiti da masauki da abin ko-ta-kwana, likita ya sa hannu, malamin ninkayarka ya gan ka ka yi kilomita 4 ba ka dafa bango ba, ka kuma gwada buɗaɗɗen ruwa tare da masu ceto, to ranar ka zaɓi tseren da ke da sharaɗin ɗagewa mai sauƙi, a ƙasar da za ta ba ka izinin shiga, ka biya a hawan farko mai araha. Ka kuma turo mana ranar tun da wuri, don mahaifiyarka za ta so ta san sa'ar da za ka shiga ruwan ta yi maka addu'a.